Me Ya Sa Sony Da Microsoft Ke Sayar Da Na'urar Gem A Kan Faɗuwa?

A watan Mayun 2021, ana tsakiyar shari'ar kamfanin Epic Games da Apple a wata kotun tarayya da ke Oakland a jihar Kaliforniya, aka kira wata babbar jami'ar Xbox mai suna Lori Wright ta ba da shaida. Lauya ya tambaye ta ko Microsoft ya taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox. Ta ce a'a. A lokacin kamfanin ya doshi shekara 20 yana wannan ciniki. A shekarar da ta biyo baya shugaban sashen, Phil Spencer, ya fito da lissafin fili: duk na'urar da ta bar shago, Microsoft na yin cikon dala 100 zuwa 200 daga aljihunsa.

Ɗan kasuwar da ya ji wannan zai ce ko dai hauka ne, ko kuma akwai lauje cikin naɗi. Akwai lauje. Akwatin da ake jonawa da talabijin ba shi ne hajar ba. Mai ƙera shi kamar mutum ne da ya gina kasuwa, ya kewaye ta da katanga, ya bar mata ƙofa ɗaya, ya ce masu saye su shigo da araha, amma duk wanda zai kasa kaya a ciki sai ya ba shi la'ada. A yau la'adar kashi 30 cikin ɗari ce a kan abin da aka saya ta shagon intanet na na'urar. Gem ɗin dala 70 na wani kamfani zai bar wa mai na'ura dala 21. Idan cikon da aka yi dala 150 ne, sai mai saye ya sayi gem bakwai ko takwas kafin uwar kuɗi ta dawo. Ana gaggauta dawowarta da gem ɗin da kamfanin ya yi da kansa, wanda ba ya raba kuɗinsa da kowa, da kuɗin wata-wata na buga wasa ta intanet, da ƙarin fad, wato abin da ake riƙewa a buga gem, da sauran tarkace, waɗanda ribarsu ke da kauri. Saboda haka tambayar da masoya gem suka fi son yi, wato wa ya fi sayar da na'ura, ba ita ce ta masu hannun jari ba. Su abin da suke so su sani, nawa aka kashe kafin kowane mutum ya shigo, nawa kuma ya bari kafin ya fita.

Atari ce ta fara nuna abin da ke faruwa idan babu ƙofar. Na'urarta ta 1977, wadda aka fi sani da Atari 2600, ta cika gidajen Amurka, amma ba ta da wani makulli da zai hana wani yi mata gem. A 1979 wasu ma'aikatanta suka fice suka kafa Activision, Atari ta kai su kotu, aka ƙare da sulhu, daga nan kowa ya ga hanya a buɗe. Kasuwa ta cika da kaset marasa inganci, shaguna suka riƙa karyar da su, masu saye suka daina yarda da kowane. A 1983 kaɗai Atari ta yi asarar sama da dala miliyan 500, har ta kwashi kaset ɗin da suka yi kwantai ta binne a Alamogordo, jihar New Mexico.

Hiroshi Yamauchi, shugaban Nintendo, kamfanin Kyoto da ya fara da buga katin karta tun 1889, ya ga wannan sarai. Ya fitar da Famicom a Japan a 1983, kuma da zai kai ta Amurka a 1985 da sunan NES sai aka sa mata makullin lantarki: kaset ɗin da ba shi da amincewar Nintendo ba zai tashi ba. Sharuɗɗan kuwa masu tsauri ne. Kamfani ba zai fitar da gem fiye da biyar a shekara ba, ba zai kai gem ɗin wata na'ura ba sai bayan shekara biyu, kuma Nintendo ce za ta buga masa kaset ɗin, ya biya kafin a buga. Ko gem ya karɓu ko ya yi kwantai, Nintendo ta riga ta karɓi nata. An sayar da na'urar kusan miliyan 62. Kamfanonin gem sun yi arziki a ƙarƙashin wannan tsari, amma suna ciki suna ƙullace da mai gida, kuma wannan ƙullin shi ne jarin duk wanda ya zo yin takara daga baya.

Sega ce ta fara cin moriyarsa. Shugabanta na Amurka, Tom Kalinske, ya rage farashin Genesis, wadda sauran duniya ta sani da Mega Drive, zuwa dala 149 a 1991, ya kuma sa Sonic, gem mafi kyau da kamfanin ke da shi, kyauta a cikin kwalin. Shugabannin Tokyo ba su ji daɗin shawarar ba, amma ta yi aiki, Sega ta yi kafaɗa da kafaɗa da Nintendo a Amurka na wasu shekaru. Sai ta shiga ruɗa masu sayenta da ƙare-ƙaren da ake liƙa wa na'urar, Mega CD da 32X, kowanne da kuɗinsa, kowanne ya mutu da wuri.

Shigowar Sony ta samo asali ne daga cin fuska. Sony da Nintendo sun yi yarjejeniyar haɗa wa Super Nintendo abin karanta faifan CD, sai a wani baje kolin kayan lantarki na 1991 Nintendo ta sanar cewa da Philips za ta yi aikin. Injiniyan Sony, Ken Kutaragi, ya shawo kan shugabanninsa su ƙera tasu. PlayStation ta fito a Japan a Disambar 1994. A Mayun 1995, a taron baje kolin gem na E3 na farko a Los Angeles, Sega ta sanar cewa sabuwar na'urarta Saturn ta riga ta isa wasu shaguna a kan dala 399. Da aka zo kan Sony, jami'inta Steve Race ya hau mumbari ya ce "299", ya sauka. Ana yawan ba da wannan labari kamar shi ne ya yanke hukunci, amma abin da ya fi farashin nauyi shi ne faifai. Buga kaset na da tsada kuma yana cin watanni, wanda ya yi odar da yawa ya kwana da kaya, wanda ya yi kaɗan kasuwa ta wuce shi. Faifan CD kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, cikin kwanaki ake sake bugawa, ga shi yana ɗaukar abin da kaset ba zai iya ba. Nintendo ta nace wa kaset a Nintendo 64, sai kamfanin Square ya ɗauke Final Fantasy VII ya kai wa Sony a 1997, wasu suka bi sahu. PlayStation ta haura miliyan 102, Nintendo 64 ta tsaya wajen miliyan 33, Saturn kuwa wajen miliyan 9.

Ƙarshen Sega ya nuna haɗarin sayarwa a kan faɗuwa ga wanda aljihunsa ba shi da zurfi. Dreamcast na'ura ce mai kyau, ta shiga Amurka ranar 9 ga Satumban 1999 a kan dala 199, farkon cinikinta ma ya yi armashi. Amma Electronic Arts, mai gem ɗin ƙwallo na FIFA a lokacin, ya ƙi yi mata gem, jama'a kuma suka riƙe kuɗinsu suna jiran PlayStation 2. Sega ta yi ta rage farashi, kowane ragi yana ƙara zurfin ramin, masu sayen gem kuma ba su kai yawan da za su cike shi ba. A ƙarshen Janairun 2001 ta sanar da daina ƙera na'ura. Shugabanta Isao Okawa sai da ya ba kamfanin kyautar yen biliyan 85 daga dukiyarsa don kada ya durƙushe, ya rasu a watan Maris na shekarar. Sega tana nan har yau, tana yi wa tsofaffin abokan hamayyarta gem tana biyan la'ada.

Wanda ya maye gurbinta ba shi da matsalar aljihu. Abin da ya tsorata Microsoft shi ne kada PlayStation 2, mai kunna faifan DVD, ta zama kwamfutar falo ta ture Windows gefe. Xbox ta farko ta fito a Nuwamban 2001 a kan dala 299, an haɗa ta da kayan kwamfuta na Intel da Nvidia da rumbun ajiya. Kuskuren shi ne zanen ƙwaƙwalwar na'urar ba mallakar Microsoft ba ne, don haka ba shi da ikon matse kuɗin ƙira yadda Sony ke yi da tata, har rigimar farashi da Nvidia ta kai su gaban masu sasanci. An ƙiyasta asarar zangon a kan dala biliyan 4, a kan na'ura miliyan 24. PlayStation 2 kuwa ta haura miliyan 160. Nintendo ce ta zo ta uku da GameCube, ƙasa da miliyan 22, 'yan jarida suna ta yi mata jana'iza, alhali kowace shekara da riba take rufe littafinta, saboda Game Boy Advance da Mario nata ne ita kaɗai, Pokémon kuma a na'urorinta kawai ake buga shi a lokacin.

Zangon da ya fara a 2005 shi ne ya fi kowanne tona asirin alƙaluman ciniki. Idan aka dubi adadi, su ukun duk sun yi nasara: Wii ta haura miliyan 101, PlayStation 3 wajen miliyan 87, Xbox 360 wajen miliyan 84. Littafin kuɗi kuwa wani labari yake bayarwa. Sony, da nasara biyu a jere ta hau mata kai, ta zuba wa PlayStation 3 sabuwar ƙwaƙwalwa mai suna Cell da ta ƙirƙira tare da IBM da Toshiba, ta ƙara da abin karanta faifan Blu-ray. Farashi ya zama dala 499 da 599, masu saye suka ce ya yi tsada, alhali kamfanin bincike na iSuppli da ya kwance na'urar ya ƙiyasta kuɗin ƙera babbar a kan dala 840. Wato na'urar ta yi wa mai saye tsada, ta kuma yi wa mai sayarwa araha, lokaci guda. Sashen gem na Sony ya yi asarar yen biliyan 232 a shekarar kuɗi ta farko, da wasu biliyan 124 a ta biyu, Kutaragi kuma ya sauka a 2007. Masu kare Sony na cewa na'urar ce ta sa Blu-ray ya kayar da HD DVD na Toshiba a 2008. Gaskiya ne, sai dai an ci wannan yaƙi ne daidai lokacin da mutane suka fara komawa kallo ta intanet.

Microsoft ya riga kowa fitowa da shekara guda, gaggawar kuma ta zo da kuɗinta. Na'urorin Xbox 360 suka riƙa mutuwa suna nuna jan haske a kewayen maɓallin kunnawa. A Yulin 2007 kamfanin ya ware sama da dala biliyan 1 don gyara, ya tsawaita garanti zuwa shekara uku. A ganina wannan na cikin kuɗin da Microsoft ya kashe da hankali a duk tarihin Xbox, domin da ya yi gardama da masu saye, da sunan ya mutu a nan.

Nintendo kuwa ƙin shiga tseren ta yi. Tsohon injiniyanta Gunpei Yokoi, wanda ya ƙirƙiro Game Boy, yana da aƙidar ɗaukar fasahar da ta kwana biyu ta yi araha a yi mata sabon amfani. Shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya bi wannan. Cikin Wii bai fi na GameCube da wani abin kirki ba, sabon abin shi ne fad ɗin da ake kaɗawa da hannu. Dala 249, kuma da riba tun ranar farko. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Maris 2009, Wii da na'urar hannu ta DS suka kawo wa kamfanin ribar aiki ta yen biliyan 555.

Amma taron da Wii ta tara ba na masu zama ba ne. Iyaye da kakanni da suka saye ta don wasan tanis a falo sun koma kan wayar hannu da ta zo musu da gem kyauta. Nintendo ta rage farashin 3DS daga dala 249 zuwa 169 watanni kaɗan bayan fitowarta a 2011, ta kuma fitar da Wii U a 2012 a ƙasa da kuɗin ƙira. Wato ta karya dokarta sau biyu a jere. Wii U ta ƙare a miliyan 13.56, kamfanin ya yi shekara uku yana asarar aiki, Iwata ya zabge rabin albashinsa har sau biyu. Abin da ya cece su shi ne tarin kuɗin da suka ajiye a shekarun daɗi, da kuma Switch ta 2017, wadda ta haɗa na'urar gida da ta hannu wuri ɗaya, da ƙwaƙwalwar Nvidia da ba sabuwa ba, ta kuma haura miliyan 150.

Daga 2013 Sony da Microsoft duk suka daina ƙirƙirar ƙwaƙwalwa ta daban, suka koma saye a wurin AMD, har cikin na'urorinsu ya zama kusan iri ɗaya. Bambancin ya koma kan farashi da hali. Microsoft ya tilasta wa kowa sayen kyamarar Kinect tare da Xbox One a kan dala 499, ya ce sai na'urar ta leƙa intanet kowace rana, ya kuma sa tarnaƙi a kan sayar da tsohon faifai. Ya janye sharuɗɗan intanet da na faifan cikin 'yan kwanaki da jama'a suka yi ca, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. PlayStation 4, a kan dala 399, ta kai miliyan 117, fiye da ninki biyu na Xbox One kamar yadda Microsoft da kansa ya shaida wa hukumar kula da gasar kasuwanci ta Brazil.

A da, faɗuwa a zango ɗaya ba ta hana tashi a na gaba, domin kowace sabuwar na'ura da sabon fili take zuwa, kowa daga sifili yake farawa. Wannan ne ya canza. Spencer ya faɗa a 2023 cewa zangon da suka rasa shi ne mafi munin wanda za a rasa, saboda a cikinsa ne mutane suka tara gem ɗinsu a asusun intanet. Wanda ke da gem 50 a asusun PlayStation, abokansa duk suna can, kuma sabuwar na'urar tana kunna tsofaffin, ragin dala 100 ba zai sa ya yi ƙaura ba. Har gem ɗin kyauta ma mai na'ura yake yi wa aiki: takardun shari'ar Epic sun nuna kusan kashi 47 na kuɗin da Fortnite ya samu tsakanin 2018 da 2020 ta PlayStation 4 ya shigo, Sony tana zaune tana yankar kasonta.

Microsoft ya gwada sayen hanyar fita. Ya kawo Game Pass a 2017, a biya kuɗin wata a buga ɗaruruwan gem. Ya sayi ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, a kan dala biliyan 7.5, sannan Activision Blizzard a kan biliyan 68.7, cinikin da aka kammala a Oktoban 2023 bayan doguwar fafatawa da hukumomin Amurka da Birtaniya. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi ba zai iya ɓoye kayansa ga mafi yawan masu saye ba. Ya sa hannu cewa Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation, daga 2024 kuma ya fara kai nasa gem ɗin can, har da Forza Horizon 5 a 2025. Yau Microsoft na cikin manyan masu biyan Sony la'ada.

Sony ma ba a kan gadon fure take ba. Takardun da suka fito a shari'ar cinikin Activision sun nuna The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212, kowanne da shekaru na aiki. Gem ɗaya ya faɗi, ribar wasu da dama ta tafi, kamar yadda aka gani da Concord, wanda aka rufe mako biyu bayan fitowarsa a 2024.

Ginshiƙin tsohon lissafin ma ya fara tsagewa. Ana yarda a faɗi a shekarar farko ne saboda an san kayan lantarki za su yi araha. PlayStation 2 ta fara a dala 299, ta sauko 199 a 2002, ta ƙare a 99. Yanzu ƙanƙanta ƙwaƙwalwa ba ya rage kuɗi kamar da. PlayStation 5 ta fito a dala 499 a 2020, aka ƙara mata kuɗi a Turai da Japan a 2022, a Amurka kuma ta koma 549 a Agustan 2025. Xbox Series X ta tashi daga 499 zuwa 649 a cikin 2025. Switch 2 ta fito a Yunin 2025 a kan dala 449, duk da haka aka sayi miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Mu nan ba ma cikin wannan lissafi sosai. Gidajen gem na Kano da Kaduna da Damagaram, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo, yawancinsu da na'urorin hannu na biyu suke aiki, gem ɗin kuma a rumbun ajiya ake loda su a kasuwa. An ƙirga na'urar sau ɗaya lokacin da wani ya saye ta sabuwa a Turai ko Dubai, daga nan ko sisi ba ya komawa Tokyo. Shi ya sa kamfanonin ke matsawa zuwa na'urar da ba ta cin faifai, kamar PlayStation 5 Pro da ta fito a 2024 a kan dala 699, wadda sai an sayi abin faifan daban. Gem ɗin da ke asusu ba a sayar da shi hannu na biyu, ba a ba da aronsa. Ga wanda ke fama da tsadar data da ɗaukewar wuta da wahalar biyan dala da katin banki, wannan tafiya nesanta shi take yi da sabbin na'urori.

A Oktoban 2025 aka fitar da ROG Xbox Ally, na'urar hannu mai ɗauke da sunan Xbox amma kamfanin Asus ne ya ƙera ta, tana aiki da Windows, tana kuma buɗe shagunan wasu kamar Steam. Asus ba shi da kaso a cinikin gem, dole ya ci ribarsa a jikin na'urar, don haka ƙaramar ta fito a kan dala 599, babbar 999. An taɓa gwada wannan tsari a 1993, lokacin da Trip Hawkins, wanda ya kafa Electronic Arts, ya ba Panasonic lasisin ƙera 3DO, shi kuma ya riƙe la'adar gem. Ta fito a kan dala 699, kuma ba ta wuce shekara uku a kasuwa ba.